Kwamfuta Ta Shiga Gidan Masaƙan Indiya, Amma Ta Wace Ƙofa?

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa zaga kantunan tufafi na Green Street ko Southall a Landan, ko Belgrave Road a Lesta, ko cikin garin Bradford, ya san irin kayan da maƙwabtanmu 'yan Indiya da Pakistan da Bangladesh ke bajewa: alharini mai zaren zinariya, mayafan gashin akuya na Kashmir, yadin da aka buga wa ado da shuni, da dardumomi masu sheƙi. Matanmu ma ba a bar su a baya ba wajen saye, musamman in biki ya taso. Mai kanti zai ce maka aikin hannu ne tsantsa. In ka tambaye shi wa ya yi zanen, sai ya ce ai yanzu a kwamfuta ake yi. Nan da yawanmu kan ɗauka an kama shi da ƙarya. To, ba lallai ba ne. Maganganun nan biyu suna iya zama gaskiya a kan yadi ɗaya, suna kuma iya zama rufa-rufa. Sai mutum ya san inda kwamfutar ta shiga cikin aikin kafin ya iya rarrabewa.

Tun asali yadi mai ado ba aikin mutum ɗaya ba ne. Akwai mai zana furen a takarda. Akwai masaƙi da ke zaune a bakin masaƙa. A tsakaninsu kuma akwai wani na uku da mai saye bai taɓa jin labarinsa ba, wato wanda ke juya hoton ya zama umarni: a wannan layi ɗaga zare kaza, bar zare kaza a ƙasa, sa ja a nan, sa kore a can. Masaƙa ba ta san fure ba, lissafi kawai ta sani. Kujerar wannan na tsakiya ita ce kwamfuta ta fara zama a kai.

Mu fara da Banaras, wanda a takardun gwamnati ake rubuta shi Varanasi, a jihar Uttar Pradesh, a bakin kogin Ganga. Nan ne gidan sarin amare. Ba sarin da mu 'yan kasuwa ke yi in za mu cika shago nake nufi ba, a'a, doguwar tufar nan ta mata da muka saba gani a fina-finan Indiya, mai tsawon mita 5 da rabi zuwa 6. Akasarin masaƙan garin Musulmi ne da ake kira Ansari, suna zaune a unguwanni irin su Madanpura da Pili Kothi, masaƙa na cikin gida, iyali duka na da hannu a aikin.

A da, ta hanyar da suke kira jala ake fitar da adon. Gwanin da ake kira nakshaband shi ke ɗaure zanen da zare, ƙulli bayan ƙulli, har zanen ya zama wata raga. Sai a rataya ragar a saman masaƙa, a sa mataimaki, galibi yaro, yana jan zaren da ya dace a kowane layi, masaƙi kuma yana jefa ƙoshiya. Aiki ne na mutum biyu, mai cin lokaci, kuma in yaron ya yi gyangyaɗi fure ya karkace.

Abin da ya sauke yaron daga saman masaƙa daga Faransa ya zo. A shekarar 1804 wani mutumin birnin Liyon, Joseph Marie Jacquard, ya kammala wata na'ura da ake ɗora wa masaƙa, wadda har yau da sunansa ake kiranta, jakad. Akwati ne cike da allurai da ƙugiyoyi, kowace ƙugiya tana riƙe da zaren tsaye. Ana tura masa kwali mai huda-huda. Inda akwai huda allura ta wuce, ƙugiya ta ɗaga zare. Inda babu huda zare ya zauna a ƙasa. Kwali ɗaya, jifan ƙoshiya ɗaya. Ana ɗinke kwalayen jere kamar sarƙa, suna juyawa ɗaya bayan ɗaya. Na'urar ta bazu a Banaras a rabin farko na ƙarni na 20, har ta zama ita ce “gargajiya” a idon mutanen yau.

A nan akwai wani abin da ya kamata yaranmu masu karatun kwamfuta su sani. Wannan dabara ta “akwai huda, babu huda” ita Charles Babbage na Ingila ya ɗauko a shekarun 1830 lokacin da yake tsara injin lissafinsa, kuma kwamfutoci sun ci gaba da karanta kwali mai huda har cikin shekarun 1970. Ashe kwamfuta jikar masaƙa ce. Da ta shigo Banaras, gidan kakanni ta dawo.

To me ta tarar? Ta tarar da mai zane yana kwafe fure a kan takarda mai gida-gida, yana cike kowane ɗan gida da launi, domin gida ɗaya shi ne mahaɗar zaren tsaye da na kwance. Ta tarar da mai huda kwali yana bin takardar layi-layi da guduma da ƙarfen huda. Sari mai ado sosai yana cin ɗaruruwan kwalaye, wani har dubbai. Kuskure ɗaya a huda ba ya bayyana sai an ɗora zare an fara saƙa, alharini ya riga ya shiga. Ga damina da laima, ga gara, kwali yana lalacewa. Saboda tsadar fitar da sabon zane, ƙaramin masaƙi yakan yi shekaru yana maimaita guda ɗaya, ko kasuwa ta gaji da shi.

Yanzu ana ɗaukar hoton zanen a sa a kwamfuta, ko a zana shi kai tsaye a kan allonta. Wasu da Photoshop suke yi, wasu da manhajojin da aka ƙera musamman don saƙa. Kowane ɗigo a allon yana matsayin gida ɗaya na waccan takardar. Mai zane zai iya faɗaɗa fure, ya juya shi, ya jera shi sau ɗari, ya sauya ja zuwa ruwan goro, duk kafin shayinsa ya huce. In an gama, fayil ɗin ya tafi wurin injin da ke huda kwali da kansa, ba tsallake, ba mantuwa. Aikin makonni ya koma na kwanaki. Akwai ma jakad mai aiki da lantarki, wanda aka fara nunawa a baje kolin injunan saƙa a birnin Milan a 1983. Shi ba ya buƙatar kwali ko ɗaya, fayil ɗin yake karantawa kai tsaye.

A matsayina na mai saye da sayarwa, abin da na fi gani da daraja a nan shi ne ganin kaya kafin a kashe kuɗi. Mai shago a Lesta ko Dubai zai iya karɓar hoton zane ta WhatsApp, ya ce a rage faɗin baki, a sauya launin jiki, a amince, sannan a sayi alharini a rina. Da can sai an saƙa samfuri, in bai yi ba asara ta hau kan masaƙi. Haka kuma tsoffin zanuka da suka rage a jikin tsumman kakanni ana iya ɗaukar hotonsu a sake fitar da lissafinsu, a adana inda gara ba ta kaiwa.

Sai dai allo ba ya gardama, masaƙa kuwa tana yi. Jakad ɗin masaƙar hannu yana da adadin ƙugiyoyinsa, wani 120, wani 240, kuma zane ba zai wuce abin da ƙugiyoyin za su ɗauka ba. Wanda bai taɓa zama a bakin masaƙa ba zai zana abin da ke da kyau a ido, amma in an saƙa sai a tarar zare ya yi dogon tsalle ba abin da ya danne shi, yana lilo, zobe ko ɗan kunne ya kama shi ya ja. Shi ya sa nake ganin wanda ya fi cancanta da wannan kujera shi ne ɗan masaƙi da ya koyi kwamfuta, ba ɗan kwamfuta da aka nuna wa hoton sari ba.

Kuma a lura, bayan duk wannan, in masaƙar hannu ce, mutum ne dai ke taka itace da ƙafa, shi ke jefa ƙoshiya, shi ke cusa zaren zinariya fure bayan fure. Sari ɗaya yana ɗaukar kwana 15 zuwa wata guda, mai wahala har wata 6. Irin wannan ne mai kanti zai ce aikin hannu ne kuma zanen kwamfuta ne, kuma bai yi ƙarya ba.

Daga nan mu haura arewa zuwa Kashmir, inda labarin ya fi ban sha'awa. Mutanen wurin suna danganta bunƙasar sana'ar darduma da Sarki Zainul Abidin na ƙarni na 15. Su ba kwali suke amfani da shi ba, rubutu ne da su na musamman da ake kira talim. Kalmar dai ita ce ta'alim da muka sani daga Larabci. Mai zane, nakash, ya zana. Wani ya tsara launuka. Sannan marubucin talim ya juya komai zuwa alamomi a kan dogayen takardu. Kowace alama tana faɗin abu biyu, launi da yawan ƙulli: ja uku, fari biyar, shuɗi ɗaya. Masaƙi ba ya kallon hoton dardumar, talim yake bi. A inda mutane da yawa ke aiki a darduma ɗaya, babban cikinsu ke rera layin da murya, saura suna ɗaurawa, kamar yadda malami ke biya wa almajirai. Da irin wannan rubutu ake saƙa mayafin kani, wanda ake yi da ƙananan tsinkayen itace masu yawa, kowanne da launinsa, har a shafe watanni ko fiye da shekara a kan guda ɗaya.

Ku duba girman aikin marubucin nan. Dardumar alharini ta Kashmir da aka saba gani tana da ƙulli 18 a tsaye, 18 a kwance a kowane inci, wato 324. In tsawonta ƙafa 9 ne, faɗinta ƙafa 6, ƙullin ya haura miliyan 2 da rabi. Kowane ɗaya sai an san launinsa. Rubuta wannan da hannu aikin watanni ne, kuma in marubuci ya ɓata ƙidaya a layi na ɗari huɗu, sai masaƙi ya isa wurin ake gani.

Cibiyar fasahar darduma ta gwamnati da ke Srinagar ta shigo da manhajar da ke karɓar zane ta fitar da talim da kanta, a buga shi a firinta. Masaƙi na karanta alamomin da ya gada, bai sauya komai a hannunsa ba. Abin da ya sauya shi ne jira, da kuma kuskure, domin yanzu ana ganin dardumar gaba ɗaya a allo kafin a ɗaura ƙullin farko. Ana kuma bin tsoffin takardun talim da suka fara rubewa ana shigar da su kwamfuta, zanen da aka daina gani ya sake fitowa. Amma kada mu manta da wanda aka tayar daga kujerarsa. Marubucin talim na hannu, da mai cike takarda mai gida-gida, da mai huda kwali a Banaras, sana'o'i ne da ake gada, kuma samari ba sa shiga cikinsu yanzu.

Wannan ma ƙaramar matsala ce in an gwada ta da ta kwafe. Zanen da ke cikin kan nakshaband, ko a ɗaure cikin ragar jala, satarsa sai an sha wuya. Fayil kuwa cikin daƙiƙa yake tafiya. Ko fayil ɗin bai fita ba, hoto ɗaya mai kyau daga Instagram ya ishi wani ya sake fitar da lissafin. Daga nan sai masaƙar lantarki, a Surat ta jihar Gujarat ko ma a cikin Banaras ɗin kanta, ta fitar da irinsa da zaren roba cikin yini ɗaya, a sayar a kan ɗan abin da bai kai kuɗin alharinin na asali ba. Shi ma wannan “zanen kwamfuta” ne, shi ma a kanti “Banarasi” za a ce maka. Mu da muka ga yadda hular inji ta shigo ta zauna kusa da zanna bukar ta hannu, da yadda atamfar Caina ta cika Kantin Kwari, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ba kuma yau aka fara ba. Adon nan mai kama da ɗanyen mangwaro mai lanƙwasasshen kai, wanda a Kashmir ake kira buta, a nan Birtaniya sunansa Paisley. Paisley gari ne a Sikotland, kusa da Gilasgo, wanda a ƙarni na 19 masaƙansa suka riƙa kwaikwayon mayafan Kashmir suna sayarwa da araha, daga baya ma da taimakon jakad, har sunan garin ya danne na masu abin. 

Sannan ko a cikin aikin hannu na gaskiya, sai a tambaya: a hannun wa fayil ɗin yake? A Banaras manyan 'yan kasuwa da ake kira gaddidar, da iyayen gidan masaƙa, su ke da jari, su ke ba da zare da zane, su karɓi sari su biya ladan saƙa. In kwamfuta da mai sarrafa ta suna ofishin ɗan kasuwa, to saurin da aka samu da ragin asara duk aljihunsa suka shiga, masaƙi yana nan a kan ladansa na jiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni ɗan kasuwa ne, ba na ƙin riba, amma wannan rabo bai yi ba. Ƙidayar gwamnatin Indiya ta 2019 zuwa 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 3 da rabi ke aiki a saƙar hannu, fiye da kashi 70 cikin ɗari mata. Ba ƙaramar al'umma ake magana a kai ba.

Shi ya sa abin da aka yi a yankin Kutch na Gujarat ya burge ni. A can aka buɗe makarantar Kala Raksha Vidhyalaya a 2005, daga baya Somaiya Kala Vidya a 2014, don koya wa masu sana'ar hannu su kansu tsara zane, haɗa launi, fahimtar kasuwa da sa farashi. Cikin masu zuwa akwai 'yan Khatri, masu buga ajrak, yadin nan na shuni da ja da ake yi a Kutch da kuma Sindh ta Pakistan. Su da hatimin katako suke bugawa, a rina, a wanke, a sake bugawa, matakai fiye da goma. Shuɗinsu daga baba ne, irin na marinar Ƙofar Mata, baƙinsu kuwa daga tsatsar ƙarfe da mazarƙwaila. Bayan girgizar ƙasar 26 ga Janairu 2001 da yawansu suka bar ƙauyen Dhamadka suka kafa sabon gari, Ajrakhpur. Kwamfuta na taimaka musu wajen daidaita zane kafin a kai wa masassaƙin hatimi, domin a ajrak hatimi uku ko huɗu ne ke hawa kan juna, in ɗaya ya goce kaɗan duk sun goce. Amma su ma injin buga yadi na zamani yana fitar da hoton ajrak a kan mita ɗari kafin su gama wanki na farko.

Jamdani na Bangladesh, wanda ake saƙawa a Rupganj a bakin kogin Shitalakshya kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2013, shi ba kwali ba talim. Mutum biyu ne ke zama kafaɗa da kafaɗa, suna ƙidayar zare da ido. Nan kwamfuta ba ta samu ƙofa sosai ba, sai ta wajen adana hotunan tsoffin zanuka da talla.

Hukumomi sun yi nasu ƙoƙari. Indiya tana da dokar 1985 da ta keɓe wasu kaya ga masaƙar hannu kaɗai, ko da yake yawan jabu a kasuwa ya nuna iyakar ƙarfinta. Akwai tambarin Handloom Mark tun 2006. Akwai rajistar da ke ɗaure sunan kaya da garin da ake yinsa: mayafin kani ya samu a 2008, sarin Banaras a 2009, dardumar Kashmir a 2016, jamdani kuma shi ne na farko da Bangladesh ta yi wa irin wannan rajista, a 2016. Tun 2022 ana manna wa dardumar Kashmir da aka tantance lambar QR, ka ɗauka da wayarka ka ga wanda ya yi ta, da irin zaren, da yawan ƙulli. Ga shi fasahar da ta sauƙaƙa sata ita ce kuma aka sa gadi.

In babu tambari, ka juya bayan yadin. A sarin Banaras mafi daraja, wanda suke kira kadhwa, kowane fure daban ake saƙa shi, bayansa tsaf yake, ba zaren da ya tsallaka daga fure zuwa fure. In ka ga zare a miƙe tsakanin furanni, ko gezar da aka datse da almakashi, to mai sauƙi ne. Yana iya zama na hannu, yana iya zama na inji, amma bai kai kuɗin na farko ba. Ajrak na gaske rini ya ratsa shi, yana da ƙanshin marina, kuma in ka bi layi za ka ga inda hatimi ya ɗan hau kan ɗan'uwansa; na inji bayansa fari-fari ne, adon kuma daidai yake kamar an auna da ma'auni. A jamdani, zaren ado juyowa yake yi a gefen fure ya koma, ba a yanke shi. A darduma kuwa, geza daga jikin zaren tsaye take fitowa, ba ɗinka ta aka yi daga baya ba, kuma a baya kana iya ƙidaya ƙulli da idonka.

Sai farashi. Ɗauki waccan dardumar mai ƙulli miliyan 2 da rabi. A ce mutum gwani ne har yana ɗaura dubu 10 a yini, kwana 250 ke nan yana zaune, ban da Juma'a, ban da ciwo, ban da sanyin Kashmir da ke sandarar da yatsu. In mai kanti ya faɗa maka kuɗinta, cire na alharini, cire na jirgi da kwastan da hayar shago a Landan, cire ribarsa, abin da ya rage ka raba shi gida 250. In ladan yini bai kai na cin abinci ba, to ko dai inji ne ya yi ta, ko kuwa mutum ne ya yi ta ba a biya shi ba.